Ƙafar Ladan

Shafi na 19

Shafin yau na masu jinya ne, waɗanda tabarminsu ke shimfiɗe a barandar asibiti. Allah ya tashi kafaɗun marasa lafiyarku, ku kuma ya ba ku ladan zama.

*

Da Sista Roda ta ɗaga bandeji na ƙarshe, Jannatu ta kawar da kai wajen taga.

Ta saba da warin maganin wanke ciwo. Ta saba da ƙarafunan da aka kafa wa mijinta daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, tsinakensu sun huda fata sun riƙe ƙashi. Ramin ne ta kasa sabawa da shi. A tsakiyar ƙwaurin Malam Zainu babu fata, babu tsoka, sai ƙashi fari a fili. Naman wurin ya tafi tun ranar da motar riɗi ta ja shi da mashin ɗinsa a hanyar Bulkachuwa.

Dokta Edward ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Mutumin Tafawa Balewa ne, Hausa a bakinsa tas, shi ne kuma likitan da ke gyaran tsoka da fata. Ya ɗago ya cire safar hannu.

"Mun gode Allah, ciwon ya yi kyau."

Alhaji Babayo, yayan Malam, ya gyara tsayuwa.

"Kyau? Likita, wannan ramin ne ya yi kyau?"

"Babu mugunya, Alhaji, babu ruɓaɓɓen nama. Wankin da muka yi ta shiga da shi tiyata ya yi aiki. Amma ƙashi ba ya haɗewa a buɗe. Sai an lulluɓe shi da nama mai rai, mai jini a jikinsa. In aka bar shi haka bushewa zai yi ya mutu."

"To a ɗinke mana."

"Da me za a ɗinke? Babu abin da za a jawo."

Ya ja kujera ya zauna kusa da gadon, ya dafa cinyar Malam ta hagu, mai lafiyar.

"Daga nan za mu ɗebo. Tsoka da fatarta, kamar faɗin hannuna, tare da jijiyoyin da ke kai mata jini. Mu kawo ta kan ramin nan, mu nemo jijiyoyin ƙafar da suka tsira, mu ɗinke su baki da baki. Kaurinsu bai wuce na tsinken ashana ba. Zaren ya fi gashin kai siranta, sai a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu muke ganinsa. Aikin yini ne."

Dada, mahaifiyar Malam, tana zaune kan tabarma a gindin bango da carbinta. Sai yanzu ta yi magana.

"A gyara ɗaya a ɓata ɗaya ke nan, yaro?"

"Cinyar za ta warke, Mama. Tabo kawai zai rage."

"In an dasa, kamawa yake yi?"

"In jini ya bi, yana kamawa ya zama naman wurin. Ƙashi ya samu rufi ya haɗe, Malam ya taka ƙafarsa."

"In bai bi ba fa?" in ji Alhaji Babayo.

"Naman zai yi sanyi, ya yi baƙi, ya mutu."

"Sai kuma me?"

Dokta Edward ya dubi ƙafar.

"Sai mu sake zama mu yi wata maganar."

Babu wanda ya tambayi wace magana ce. Tun ranar farko an faɗa musu sunanta. Yankewa.

Likitan ya juya wajen Malam.

"Gobe da safe nake so mu shiga. Amma zan sake maka tambayoyin da aka yi maka a baya, don wannan aikin ba ya son ɓoye-ɓoye. Ciwon suga?"

"Babu."

"Hawan jini?"

"Babu."

"Kana shan taba?"

Jannatu ta ƙanƙame ƙarfen gado.

Kafin Malam ya buɗe baki Alhaji Babayo ya riga shi.

"Haba likita! Ka san wanda kake tambaya kuwa? Ladanin masallacinmu ne a unguwar Matsango, nan cikin Azare. Muryarsa ce ke tashin unguwa da asuba. Yaran unguwar kaf shi ke biya musu karatu. Taba kuma?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Ko limami ne a kwance a nan sai na tambaye shi. Taba tana matse jijiyoyin jini, ƙananan ma sun fi jin jiki. In mutum yana sha, balle ya sha bayan an yi aikin, ɗinkin nan yana iya toshewa. Wahalar yini guda ta tafi, tsokar cinya ta tafi, ƙafar ma ta bi su. Na ga hakan da idona, ba na so in sake gani."

Ya mayar da idonsa kan Malam.

"Malam, daga bakinka nake son ji."

Malam Zainu yana kallon fankar da ke juyawa a sama.

"Ba na sha."

"Madalla. Sai goben, in Allah ya kai mu."

Sista Roda ta mayar da sabon bandeji, ta tura teburin kayanta ta bi bayan likita. Jannatu na tsaye riƙe da ƙarfen gado.

*

Da aka kira azahar Alhaji Babayo ya tafi masallaci. Dada ta naɗe tabarmarta ta koma baranda inda iska ta fi kaɗawa. Ɗakin ya rage daga Jannatu sai mijinta.

"Maman Ummi."

Ta ci gaba da tattara kwanukan abinci.

"Jawo min keken nan. Kai ni banɗaki."

Ta san abin da ake nufi da banɗaki a wannan lokacin. Ɗakin mutum ɗaya ne Alhaji Babayo ya kama musu, da banɗakinsa a ciki, da 'yar taga a sama mai kallon bayan gini. Kullum in ɗaki ya yi shiru sai ta ɗora shi a keken marasa lafiya, ta miƙar masa da ƙafar kan katako, ta tura shi ciki ta ja ƙofa. In ya gama ta kunna turaren tsinke.

Ita ta kawo masa tabar. A satin farko ne, lokacin da jikinsa ke rawa, yana gumi, yana yi wa kowa tsawa, ya kama hannunta yana roƙo kamar ƙaramin yaro. Ta je gida ta buɗe bayan durowar littattafansa, ta naɗo kwalin cikin safa ta cusa a ƙasan kwandon abinci.

"Ba ki ji ba ne?"

"Na ji, Malam."

"To?"

"Ba zan kai ka ba."

Ya juyo da kai a hankali ya dube ta.

"Me kika ce?"

"Ka ji abin da likita ya faɗa."

"Likitoci haka suke. Sai sun tsorata mutum suke jin sun yi aiki."

"Bai yi kama da mai tsoratarwa ba. Cewa ya yi ya gani da idonsa."

"Kara ɗaya, Jannatu. Ɗaya tak. Daga shi na daina."

"Haka ka ce da azumin bara. Haka ka ce da na waccan shekarar. Ranar sunan Ummi ma ka ce min ka daina, ga Ummi nan ta shiga sakandare."

Ya runtse ido. Ta matso ta durƙusa a gefen gadon, ta sassauta murya.

"Malam, tun ina amarya na sani. Ban taɓa faɗa wa ko uwar da ta haife ni ba. Matan unguwa suna yaba ƙamshin ɗakina, suna tambayata inda nake sayen turare, ni kaɗai na san abin da nake rufewa. Ban taɓa goranta maka ba, ko na taɓa?"

"Ba ki taɓa ba."

"To yau ina roƙonka. Ka bari a kira likitan nan, shi kaɗai, ka faɗa masa gaskiya. Ya san abin da zai yi."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Shi kaɗai? Babu wani shi kaɗai a asibiti. Zai rubuta a fayil, nas ta karanta, ta faɗa wa 'yar uwarta, mai shara ya tsinta. Ma'aikatan nan nawa ne 'yan unguwarmu? Kiran sallata suke amsawa. 'Ya'yansu a gabana suke durƙusawa da allo. Kafin magariba Azare ta ɗauka, ladan mashayin sigari ne."

"Ba kai ka fara ba, Malam. Jarrabawa ce, kowa da tasa."

"Kowa da tasa, amma ba kowa ke hawa ya kira mutane zuwa ga Allah ba. Da bakin nan nake kira, Jannatu. Da shi nake hana yara. Na taɓa zane ɗan maƙwabcinmu a kan guntun sigari, ranar kuwa akwai kwali a aljihun wandona."

Muryarsa ta karye. Ya juya fuska wajen bango.

"Kina tsammanin ban tsani kaina ba? Tun ina saurayi a makarantar kwana na ɗauko masifar nan. Babu addu'ar da ban yi ba. In na kwana biyu ban sha ba sai in ji kamar ana tafiya a cikin ƙashina."

Hawaye suka zubo mata. Ta kama hannunsa.

"Shi ya sa na ce a faɗa. Ƙila akwai magani."

"A'a."

"Ƙafarka ce fa."

"Na sani."

"In naman ya mutu yankewa za su yi."

"Gara a yanke."

Ta saki hannun kamar ta taɓa wuta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ka san me kake faɗa?"

"Na sani sarai. In aka yanke, mutane za su ce Allah ya jarrabi bawansa. Za su zo su gaishe ni, su kama ni su kai ni masallaci, in kira salla a zaune. In wannan maganar ta fita kuwa, da ƙafa biyu zan riƙa tafiya ana nuna ni da baki. Yaya Babayo da ya tsaya ɗazu yana kare ni, da wane ido zan dube shi? Dada fa? Tsohuwar nan ta mutu da wannan a ranta?"

"Ni fa?"

Ta dafa ƙirjinta.

"Ni fa, Malam? Da hannuna na kawo maka ita ɗakin nan. In aka yanki cinyarka gobe aka dasa, naman ya yi baƙi, da ni aka kashe shi. In zauna ina kallon Ummi tana tura ka a keke, na san da kalma ɗaya da ban bari an kai nan ba? Ka yi tunanin yadda zan kwana da wannan?"

"Babu wanda zai ɗora miki."

"Allah fa?"

Can ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, muryar kuma ta sauka ƙasa, irin wadda ba ta taɓa ji daga gare shi ba.

"Ki saurare ni da kyau. Ban taɓa ɗaga miki hannu ba, ban taɓa yi miki maganar rabuwa ko da wasa ba. Amma in maganar nan ta fita daga bakinki, Jannatu, kin san sauran."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta jira ya janye, ko ya ce ɓacin rai ne. Bai janye ba.

Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki?"

"Zan yi salla."

*

Ta yi sallar a masallacin mata da ke bayan ɗakin haihuwa. Ta daɗe a sujadar ƙarshe har matar da ke gefenta ta ɗan taɓa ta don ta ga ko lafiya. Bayan ta sallame ta zauna da jakar a cinyarta, tana jin tudun safar ta cikin fatar jakar.

Gidan iyayenta na Hardawa ya faɗo mata a rai. Ɗakin mahaifiyarta, da yadda za ta shiga da akwati a wannan shekarun, a tambaye ta me ya faru ta kasa faɗa. Ta tuna Ummi. Ta tuna ranar da aka kira ta aka ce ta zo asibiti, ta tarar da shi kwance jini ya jiƙe katifa, da ya buɗe ido abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kira la'asar.

Ta tashi.

A teburin nas-nas ta samu Sista Roda tana jera magunguna.

"Sista, don Allah likitan ɗazu nake son gani."

"Lafiya, Maman Ummi? Jikin ne?"

"Magana ce."

Sista Roda ta dubi fuskarta, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta raka ta har ƙofar ofis, ta ƙwanƙwasa, ta tura mata ƙofar ta juya.

Dokta Edward na tsaye yana duba hoton ƙashi a jikin fitilar bango. Ya nuna mata kujera.

"Bismillah, Malama. Zauna."

Ta zauna a bakin kujerar. Sai ta zuge jaka, ta ciro safar, ta warware ta a kan teburinsa.

Kwalin ya faɗo, ya lotse, da ashana a gefensa.

Likitan ya dubi kwalin, ya dube ta. Ya ja kujerarsa ya zauna.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya aure ni."

"A nan asibiti ma?"

"Kullum."

"Yaushe ne na ƙarshe?"

"Yau da hantsi. Kafin ku shigo."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa goshinsa.

"Ni nake kawo masa, likita. Ni nake kai shi banɗaki. Ban san tana taɓa ciwo ba, wallahi ban sani ba, na ɗauka huhu kaɗai take ci."

"Ba ke kaɗai ba ce ba ki sani ba. Share hawayenki, Malama. Abin da kika yi yanzu ya fi duk abin da zan yi da wuƙa gobe."

"Yanzu ƙafar ta tafi ke nan?"

"Ban ce ba. Amma gobe ba zan yi dashen ba. In na yi, ya farfaɗo cikin ciwo da ƙishin abin nan, zai nema, kuma zai samu ko ba ta hannunki ba. Zan ɗaga aikin kwanaki kaɗan. Ba zan iya ɗagawa da yawa ba, ƙashi a buɗe ba ya son jira, kowace rana da haɗarinta. Za mu sa masa na'urar da ke tsotse ruwan ciwo ta riƙe mana wurin. Akwai kuma taimakon da za mu ba shi na rage ƙishin tabar. Sauran yana hannunsa. Daga yau ko zuƙa ɗaya, har ƙashin ya haɗe."

"Zai iya?"

"Na ga waɗanda suka iya. Amma sai da saninsu da yardarsu. Dole in zauna da shi."

Ta sunkuyar da kai.

"Za ka rubuta?"

"Zan rubuta, ba zan yi miki ƙarya ba. Likitan da zai sa shi barci ma sai ya sani, don lafiyar huhunsa. Amma abin da ke cikin fayil na marar lafiya ne, ba na unguwa ba. Ni ba zan faɗa wa yayansa ba, ba zan faɗa wa mahaifiyarsa ba. Duk ma'aikacin da ya fitar kuma da ni zai yi."

"Zai san ni ce."

Likitan ya nazarci fuskarta.

"Ya hana ki ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Da zafi?"

"Da aurena."

Ya jingina da kujera.

"Zan iya shiga in ce masa ina da shakka. Ba ƙarya ba ne, tun da na ga yatsunsa nake da ita. Ba sai sunanki ya fito ba."

Jannatu ta girgiza kai.

"A'a, likita. Shekarun nan duk a kan rufa-rufa muka yi su, ga inda ta kawo mu. Ni zan faɗa masa da bakina. Ka ba ni zuwa la'asar."

"Na ba ki. Bayan la'asar zan shigo."

Ya buɗe durowa ya tura kwalin ciki ya rufe. Ita kuma ta ninke safar ta mayar jaka.

*

Dada na nan a baranda inda ta bar ta, ta miƙe ƙafafu, carbi na tafiya a hannunta. Jannatu ta so ta wuce da gaisuwa kawai.

"Zo nan."

Ta dawo ta durƙusa.

"Zauna sosai."

Ta zauna a gefen tabarmar. Tsohuwar ba ta dube ta ba, idonta na kan bishiyar dalbejiyar da ke tsakar asibitin.

"Na ga inda Roda ta raka ki."

Jannatu ta sunkuyar da kai.

"Dada, dama... a kan maganar abincin da zai ci ne kafin..."

"Kar ki fara yi min ƙarya yau, ba halinki ba ne."

Sai yanzu Dada ta dube ta.

"Kin faɗa wa likitan?"

Jannatu ta ɗago a razane.

"Dada... kin sani?"

"Ni na haife shi. Duk hutun da ya dawo daga makaranta ni nake wanke masa riguna. Kina tsammanin hancina ya mutu? Tun bai fara gemu ba na sani."

"Ba ki taɓa..."

"Ban taɓa ba. Na ce ƙuruciya ce, zai bari. Da ya fara kiran salla na ce yanzu kam kunya za ta sa ya bari. Da aka kawo ki na ji turare ya yi yawa a ɗakinki, na gane kin sani, na ce to ya samu mai rufa masa. Na yi shiru, ke ma kika yi shiru."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ɗazu da likitan nan ya tambaya, Babayo yana ta kumfar baki, maganar ta zo min har nan." Ta nuna maƙogwaronta. "Na dubi fuskar Zainu na kasa. Ina zaune ina ji ana lissafa yadda ƙafar ɗana za ta ruɓe, na kasa. Kin faɗa?"

"Na faɗa, Dada."

Tsohuwar ta rufe ido. Hawaye ya bi ta cikin tamojin fuskarta.

"Allah ya yi miki albarka, ɓingel am, 'yata. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi masa."

Jannatu ta kifa kai a gwiwar Dada, kukan da take riƙewa tun azahar ya ƙwace mata.

"Ya ce in na faɗa... ya ce na san sauran."

Hannun Dada da ke shafa bayanta ya tsaya cak.

"Shi Zainun ya faɗi haka?"

"Eh."

"Kika kuma je?"

"Na je."

Dada ta dafa bango tana neman miƙewa.

"Kama ni. Tare za mu shiga."

"A'a, Dada. In ya san kin sani, abin zai fi yi masa ciwo. Tsoronsa ke nan tun farko. Ki bar ni in fara shiga."

"To ina bakin ƙofa."

*

Ta yi sallama ta tura ƙofar.

Ta so ta same shi shi kaɗai. Sai ga Alhaji Babayo zaune a kujerar gefen gado, ya dawo daga masallaci da ledar lemo, yana ɓarewa yana ba da labarin waɗanda suka ce a gaida ladan.

"Yawwa, ga Maman Ummi. Tun ɗazu yake tambayarki. Liman ya ce gobe bayan asuba za a yi masa addu'a ta musamman, unguwa kaf..."

Malam Zainu bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan fuskarta, kan idanunta da suka kumbura, kan jakar da ta rungume a ƙirji.

"Kin daɗe a sallar nan."

"Na daɗe."

"Daga masallaci ina kika je?"

Ta dubi Alhaji Babayo, ta dubi mijinta.

"Malam, ka bari Yaya ya..."

"Ina kika je, Jannatu?"

Muryarta ta fita daidai.

"Wajen likita."

Fankar sama na ta juyawa. Alhaji Babayo ya tsaya da ɓarar lemon.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa. Sauran ma na ba shi."

"Kin faɗi me?" in ji Alhaji Babayo, yana duban wannan yana duban wancan. "Sauran me? Kai Zainu, me ake ciki ne?"

Malam ya dafa katifa da hannu biyu ya ja jikinsa sama har ya zauna, ƙarafunan ƙafar suka bugi ƙarfen gado, azaba ta sa ya cije leɓe. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya daɗe yana kallon bandejin da ke ƙwaurinsa, sannan ya ɗago ya dubi matarsa.

A bayanta ƙofar ta ɗan motsa. Dada ce tsaye, ta dafa ƙyauren.

Malam Zainu ya miƙa hannu wajen yayansa.

"Yaya, ba ni biron aljihunka."

"Biro kuma? Na me?"

"Ba ni. Ka samo min takarda."